Hattara da Masu Tallar "Kwalkwalin Sowei" na Saliyo a WhatsApp

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan'uwana ne masu harkar kayan sassaƙa, da kuma samarin da ke jin ana samun kuɗi a ciki suna son su faɗa. Ɗan ƙanwata ya yi asarar jarinsa a watan da ya wuce, kuma da na bincika sai na tarar ba shi kaɗai aka yi wa ba.

Ga yadda abin ya faru. Wani ya turo masa hotuna a WhatsApp, kwalkwalin itace baƙi guda uku da ake kira sowei, irin wanda matan ƙabilar Mende ke sawa a kudanci da gabashin Saliyo. Ya ce daga wani ƙauye kusa da Kenema aka fito da su lokacin yaƙin basasa, an ɓoye su shekara da shekaru, yanzu magada suna neman kuɗi da gaggawa. Bayan kwana biyu sai ga wata lamba ta ƙasar waje, wai Bature ne daga Beljiyam, yana cigiyar irin wannan kaya daidai, zai biya ninki goma in an same su. Yaro ya ga banza ta faɗi. Ya tura kuɗin kaya. Sai aka ce saura kuɗin takardar fita, ya tura. Sai kuɗin "shaidar UNESCO", wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ya ranto ya tura. A ƙarshe guda ɗaya aka aiko masa a mota cikin kwali, Baturen kuma ya yi ɓatan dabo. Mai sayarwa da mai saye bakinsu ɗaya, in ma ba mutum ɗaya ba ne da layi biyu.

Da ya kawo min shi gida, ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, don Allah duba min, ai tsoho ne ko?" Na ɗaga, na ji nauyi kamar turmi. Na kai hanci, hayaƙin kicin. Na ce ya kawo farin tsumma da ɗan kananzir, na goga bayan kunnen, tsumma ya fito baƙi ƙirin da man takalmi, farin itace sabo ya leƙo. Na ce, "Ɗana, wannan ko shekara biyu bai yi a duniya ba."

Bari in yi bayanin abin kansa, don rashin saninsa ne ke sa ana cin mutane. Matan Mende suna da ƙungiya mai suna Sande, wasu na cewa Bondo ko Bundu, wadda ke shigar da 'yan mata daji a koya musu zaman aure da sha'anin manyanta kafin a fito da su gari da biki. A ciki har da kaciyar mata, wadda ake ta ja-in-ja a kanta a Saliyo har yau, amma wannan wani zance ne daban. Babbar mace a ƙungiyar ita ce sowei, kuma kwalkwalin da ake rawa da shi sunan yake ɗauka. Namiji ne ke sassaƙawa, mace ke sawa, abin da ba kasafai ake gani a Afirka ba. Yana rufe kai gaba ɗaya har wuya. Za ka ga goshi mai faɗi, idanu a runtse, ɗan ƙaramin baki a tsuke, kitso mai fasali a sama, wuya kuma guru-guru. Daga gindinsa ake ɗaura baƙin zaren tukurwa ya sauka ya rufe jikin mai rawa, ko yatsa ba a gani. Maƙwabtansu Vai da Gola har cikin Laberiya su ma suna da irinsa.

To ga inda 'yan damfara ke tona wa kansu asiri. A wurin Mende kyan sowei shi ne baƙi mai sheƙi, sumul kamar wadda ta fito daga ruwa, don a imaninsu daga ruwa take fitowa. Rini suke masa, su shafe shi da mai, su adana. In ya tsufa ya farfashe, sau da yawa gonde yake komawa, wato dodon barkwanci da ake yi wa dariya a filin rawa. Saboda haka duk wanda ya nuno maka sowei da ɓawon datti, da gashin kaza a manne, da busasshen abu wai jinin yanka, yana ce maka alamar tsufa ce, to bai ma san abin da yake kwaikwayo ba. Ya ɗauko adon wani gunki ne ya yaɓa wa wani.

Kuma a juya shi a duba ciki, nan gaskiya take. Abin da mace za ta yi rawa da shi a ka dole ya zama marar nauyi, itace mai laushi da aka rarake har bangonsa ya yi siriri. Wanda aka yi amfani da shi, cikinsa ya yi santsi inda goshi da ɗankwali suke gugarsa. Ramukan da ke kewaye da gindi sun side saboda jan igiya. Na yaron nan ramukan a zagaye suke tsaf, aikin injin huda, bakinsu da kaifi. Na ce ya sa a kansa ya gaya min me yake gani. Ya ce duhu. Ramin ido bai ma zo daidai da idon mutum ba.

Dabarun tsufar da sabon itace ba baƙi ba ne a wurinmu, kada mu yi wa juna ƙarya. Hausawa sun daɗe a wannan fatauci, daga Treichville a Abidjan har Paris da New York, kuma duk wanda ya zauna a rumfa ya ga ana rataye kaya saman murhu, ana tauna goro a fesa, ana binnewa kusa da suri gara ta ɗan lasa. A Foumban ta Kamaru akwai masassaƙan da in ka ba su hoto, za su fitar maka da kayan kowace ƙabila. Ni ban ga laifin sabon sassaƙa ba. A sayar da shi a matsayin sabo, kayan adon falo ko otal, a ci halal. Laifin yana wurin ƙaryar shekaru da takardar bogi.

Takardar da aka turo wa yaron ta fi ba ni haushi. Tambari shuɗi, sa hannu, har da lamba. UNESCO ba ta ba da takardar shaidar ingancin kaya ga ɗan kasuwa, ba ta kuma karɓar kuɗi don a fitar da su. A 2020 ita da kanta ta fitar da sanarwa cewa ana amfani da sunanta da tambarinta ana damfarar mutane kan kayan tarihin Afirka. A Saliyo kuwa izinin fitar da tsohon kaya yana hannun hukumar kula da kayan tarihi da ke Freetown, ba a hannun wani mai lambar waya ba.

Sannan a ce ma labarin nasu gaskiya ne. Yaƙin Saliyo daga 1991 zuwa 2002 an ƙone garuruwa, an kwashe dukiyar mutane. Kwalkwalin da aka "fito da shi lokacin yaƙi" sunansa kayan sata, kuma dillalan Turai na ƙwarai yanzu tambayar farko da suke yi ita ce a hannun wa ya bi, tun yaushe. Wanda ke gidan tarihi na British Museum a Landan, mai doguwar hular Turawa a ka, an san wani Bature mai suna Thomas Alldridge ne ya kai shi Ingila, an kuma nuna shi a wani baje koli a Landan a 1886. Irin wannan tarihi shi ke sa wa kaya tsada. Naka da ya zo a kwalin taliya ba shi da ko ɗaya.

In sun tuntuɓe ka, ka nemi bidiyon cikin kwalkwalin kai tsaye, a ɗora shi a sikeli kana gani. Ka ɗauki hoton da suka turo ka bincika shi a Google. Biyu cikin hotuna ukun da aka turo wa ɗan ƙanwata daga shafin wani gidan gwanjo aka kwafo su. In mai saye ya ɓullo da kansa a makon da mai sayarwa ya ɓullo, rufe wayarka. Kada ka tura ko sisi da sunan takarda. Wanda kuma ya riga ya tura, ya adana saƙonnin da rasit, ya je bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC in a Najeriya yake.

Lambar da suka yi amfani da ita ta daina shiga, amma jiya wani abokin sana'a ya nuno min hotunan nan uku, daga sabuwar lamba, wannan karon wai daga garin Bo na Saliyo aka fito da su.