Janareta ko sola? Ku sa sola, amma ki ɓoye dutsen guga

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa rai aka yi wa. Tunda kin ce kuɗin abu ɗaya ne a hannu, ko janareta ko sola, ki ce wa maigidanki sola za a saka. In sauri kike yi, amsar ke nan. In kuma kina da lokaci, gyara zama.

Janareta dai zan ba shi haƙƙinsa don kada a ce na yi son kai: ya fi arahar saye, yana ɗaukar sumo, wato injin jawo ruwa daga rijiya, da dutsen guga ba gardama, kuma babu ruwansa da hadari ko hazo. Iyakar alherinsa ke nan da na sani.

Mun yi zama da shi a gidan nan, irin matsakaicin nan mai 2.5kVA da ake ja da igiya. In ya ɗauki kaya, wajen lita guda yake sha a awa. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba ana iya kawar da kai, amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ki lissafa awa biyar kowane dare har wata ya ƙare, ki ɗora baƙin mai da fulogi da kuɗin mai gyara da kullum zai ce miki kafireto ne ya toshe. Baban yara ya koma yana kunna shi bayan isha'i, ƙarfe goma ya kashe, daidai lokacin da ɗaki ya fara daɗin barci. Ita kuma igiyar sai ranar da muka yi baƙi take tsinkewa. Akwai daren da ya tattaro ƙarfinsa duka ya fizga, igiya ta biyo shi, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin bahon da na jiƙa kayan makarantar yara. Babu wanda ya yi dariya a gabansa, kowa ɗaki ya shige ya yi tasa.

Ƙarshen zamanmu da shi ma abin dariya ne, ko da yake a ranar ba mu dara ba. Ana cikin kallo wuta ta ɗauke, injin ya yi shiru. Baban yara ya ce mai ne ya ƙare, babban yaronmu ya ce shi da hannunsa ya cika tanki, aka tsaya musun wanda zai fita ya duba. Kafin a gama musu aka leƙa, sai waya kawai a yashe da sarƙar da aka datse. In har kuka ƙi jin shawarata kuka saye shi, ku gina masa keji a fili, nesa da taga. Kada tsoron ɓarawo ko ruwan sama ya sa a shigar da shi zaure ko kicin ko ƙarƙashin bene. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ba yau aka fara jin labarin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. Wannan ba wasa nake yi ba.

To sola. Daren farko da aka haɗa mana, autata ta kasa barci wai gidan ya yi shiru da yawa. Ni kuwa na kwanta fanka na juyawa a kaina har asuba, babu mai tashi ya kashe komai, babu warin fetur a zanin gado. Da azumi ya zo a tsakiyar bazara, firizata ta riƙa yin ƙanƙara tun rana na tsaka, yaran unguwa suka fara layi a ƙofar gida bayan la'asar. Da kuɗin ƙanƙara da zoɓo na yi wa yara ɗinkin sallah a shekarar, ban tambayi kowa sisi ba. Mu nan Kano rana ce ba mu rasa ba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya fi gallabar mutane, lokacin ne batir ke cika tun kafin azahar.

Sai dai babu wanda ya gaya mana cewa sola tana zuwa da ɗan sanda cikin gida. Inbata ɗinmu na farko, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ƙarami ne, 1.5kVA, kuma da an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa sai ya kama tsuwa, ya ɗauke wutar gidan gaba ɗaya. Dutsen guga kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye, fankar sama kuwa wajen 70, wato guga ɗaya ta fi fanka goma ci. Don haka duk wanda ya saci guga, gida duka zai sani. 'Yata budurwa ta sha rantsuwa ba ita ba ce, ga hijabi da ɗuminsa a hannunta. Baban yara, mutumin da a da ko kwan fitila ya mutu sai na kira yaron maƙwabta, shi ne ya zama mai gadin inbata. Yana dawowa daga masallaci wajensa yake fara zuwa, ya tsaya yana karanta lambobi, sannan ya bi ɗaki ɗaki yana kashe fitilu yana tambayar wa ya bar fanka tana yi wa kujeru fifita.

Babbar jarrabawar ta zo da hunturu, da Hajiya mahaifiyarsa ta zo mana kwana biyu. Kullum da asuba sai inbata ya yi kuka wuta ta ɗauke. Ya tara yara ya yi faɗa, ya ƙwace dutsen guga ya kulle a durowarsa, washegari aka sake. Ni na riga na gano, don na ga hitar da Hajiya ta zo da ita a jakarta, irin wadda ake tsomawa a bokiti, tana ɗumama ruwan alwala. Amma wace ni da zan kai ƙarar uwar miji wajen ɗanta? Na ja bakina na yi shiru. Ranar da ya bi waya da tocila har ƙofar ɗakinta, ya ga bokiti yana tururi, sai ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ina kwana, ruwan ya yi zafi kuwa?" Daga ranar nake tashi da wuri in dafa mata a gas in zuba a fulas. Ki ɗauki darasi a nan: tun wajen haɗa waya ki sa a raba layi, soket ɗin kicin da na banɗaki da na ɗakin baƙi kada su hau kan inbata.

Sai ƙura. Faifan sola ba ya son datti, kuma hazon hunturu yana rage masa ƙarfi sosai, ga ƙurar da ke kwanciya a kansa. Mu har da ƙarin tantabarun ɗana, da suka ga an kafa musu wurin shan hantsi a saman kwano. Watanni baban yara yana zargin batir, ashe kashin tantabaru ne ya rufe rabin faifai. Inuwa ko datti a gefe ɗaya kan iya jan ƙarfin sauran da ke layi ɗaya da shi ƙasa. Ana wankewa da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce, ba da rana tsaka ba. Ki sa a kafa su inda tsani zai kai, suna kallon kudu da ɗan karkata kaɗan yadda ruwa zai gangare.

Ki kuma shirya wa maƙwabta. Cajin waya ba komai, lada ne. Amma da babbar sallah firizata sai da ta ɗauki naman gida biyar, duk a baƙar leda, babu mai suna a jiki. Har yau akwai maƙwabciyar da ke gaishe ni sama-sama saboda cinyar rago da ta ce ta ajiye ta dawo ta tarar da haƙarƙari. Yanzu duk mai kawo ajiya sai ta zo da bokitinta mai murfi.

Inda kuɗin yake tafiya shi ne batir, kuma nan ne ake kuskure. Iri biyu za a nuna muku. Akwai mai ruwa, dogon nan da ake kira tubula, yawanci 220Ah a kan bolt 12. In kin ninka, wajen yunit biyu da rabi yake ɗauka (yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa guda), amma rabi kawai ake so a sha, in ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba zai yi ƙarko ba. Guda biyu ke nan za su ba ki yunit biyu da rabi na amfani. Fanka uku na awa goma sun cinye yunit biyu, ba a yi maganar firiza da talabijin ba, shi ya sa za ki ji mutane na kukan sola tana mutuwa ƙarfe uku na dare. Yana kuma son a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa ruwan batir, ba na famfo ba, a ajiye shi inda iska ke shiga saboda yana fitar da iskar da ke iya kama wuta. Namu ya taɓa tofar da ruwansa ya cinye min gefen kafet. Sai kuma litiyom. Mai yunit biyar za ki iya shan huɗu ko fiye a cikinsa kowane dare, ba ya son ruwa, ba ya wari, yana saurin cika, kuma yana shekaru da yawa fiye da mai ruwa in na kirki ne ba a ajiye shi cikin zafi ba. Ya fi tsada a ranar saye. Mu da mai ruwa muka fara, da ya gaji muka koma litiyom, kuma da za a dawo da baya da shi za mu fara.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa: harkar nan cike take da macuta. Takardar da ke manne a bayan faifai ba wuyar bugawa gare ta ba, sai a manna wat 550 a jikin wanda bai kai 300 ba. Faifan wat 550 na gaskiya tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya, mutum ɗaya ba ya ɗaukarsa cikin daɗi. In aka kawo miki wanda maigidanki ya fi shi tsawo aka ce 550 ne, a mayar. Ana wanke tsohon batir a fesa masa fenti a sa a sabon kwali. Ana sayar da litiyom da aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi, ya yi wata uku lafiya lau sannan ya fara faɗuwa. Waya ma akwai ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, a kankare bakinta da wuƙa, in ta yi fari a ciki ba ita ba ce. Ku saya a shago mai adireshi, a rubuta garanti a rasit da lambar jikin kayan, kada ku yarda da "ai ni da kai ne, Alhaji". Kuma kada mai haɗawa ya zama shi ne mai sayowa shi kaɗai, maigidanki ya bi shi kasuwa ko ya tura wanda ya san kan abin. Duk wanda ya ce miki da batir ɗaya da faifai biyu za ki kunna na'urar sanyaya ɗaki har safe, ki yi masa sallama.

In ni ce ke, ga abin da zan ce a sayo: inbata mai wajen 3kVA zuwa 5kVA, irin wanda wutarsa ba ta sa fanka gurnani, batirin litiyom mai yunit biyar, da manyan faifai huɗu zuwa shida. Kowane faifai mai 550 yana ba da wajen yunit biyu zuwa biyu da rabi a rana mai kyau. In kuɗin bai kai ba, a rage yawan abin da za a ɗora, kada a rage ingancin batir, faifai kuwa ana iya ƙarawa daga baya in inbata ɗin zai ɗauka. Ki canza fankokinki zuwa masu cin wuta kaɗan, akwai waɗanda ba sa wuce wat 30. Sumo yana fizgar wuta ninki biyu ko uku a lokacin tashi, don haka a kunna shi da rana tsaka a cika tanki, guga ma a yi ta a lokacin. A watan Agusta za a yi kwana biyu ko uku rana ba ta fito sosai ba, sai a yi haƙuri a kashe firiza da dare, ko a cika batir da wutar layi in an kawo.

Ranar da za a hau rufi kuma, a samu mai tsayawa a kansu. Wanda ya haɗa mana ya huda kwano a cikin kwarin da ruwa ke bi maimakon kan tudun, bai kuma toshe da komai ba. Da rani aka yi aikin, babu wanda ya lura. Ruwan farko na damina a tsakiyar gadonmu ya sauka, ƙarfe biyun dare, baban yara riƙe da roba ni riƙe da tukunya, silin ɗin da muka kashe wa kuɗi ya yi taswira har yau tana nan. Ki ce a sa kusoshi masu roba a wuya, a bi kowace huda da gam, sannan a watsa ruwa a rufin a gwada kafin a biya shi cikon kuɗinsa.