Shekara Biyu Da Kajin Brahma A Tsakar Gidanmu

Wani jan zakara ne sanadin zuwan kajin Brahma gidanmu. Ya daɗe yana addabar yara, sai ranar da ya tasam ma ƙaramar 'yata ya karce ta a kumatu, Hajiyarmu ta ce kada magariba ta same shi da rai. Aka yanka. To amma Hajiya ba ta iya zaman gidan da babu kaji, tun tana amarya take kiwo, ga shi yanzu ƙafa ta hana ta bin kaza a guje. Shi ne na shiga neman irin da ba ya faɗa, har aka haɗa ni da wani mai kiwo a nan Kano, na karɓo zakara ɗaya da mata biyu, 'yan wata uku, farare masu baƙin zane a wuya da wutsiya.

Duk abin da ake faɗa kan sanyin halinsu gaskiya ne. Zakaran nan da ya gama girma sai da ya haura kilo biyar, idan ya miƙe wuya yana kai wa yarinyar nan ƙugu, amma har yau bai taɓa kai wa kowa sara ba. Tafiya yake a natse, gashin ƙafarsa na share ƙasa kamar mai sanye da buje. Yarinyar da a da ko carar zakara ta ji sai ta ruga ɗaki, yanzu ita ke ba shi gero a tafin hannu. Hajiya kuwa da la'asar sai ta shimfiɗa tabarma tana tsintar shinkafa, matan su zo su kwanta a gefenta, ta ɗora wa ɗaya hannu a baya tana lazimi. Ba sa tsallake katanga, nauyi ba ya barin su tashi, saboda haka rigimar da muka saba yi da maƙwabta kan kaji sun shiga musu shanya ta ƙare.

Wanda ya sayar mini ya ce kajin Indiya ne. Sunan dai daga kogin Brahmaputra aka samo shi, amma a Amurka aka samar da irin, daga manyan kajin da jiragen ruwa suka kai can daga Shanghai ta ƙasar Sin. A 1852 har Sarauniya Victoria ta Ingila aka aika wa kyautarsu, kuma su ne kajin nama na Amurkawa har wajen 1930. Da na san wannan tun farko, da na fahimci cewa kazar ƙasar sanyi na kawo gida. Kaza ba ta gumi. Ta zanko da haki take fitar da zafin jiki. Ita kuma Brahma zankonta ɗan ƙarami ne, ga gashi jibge tun daga wuya har yatsu.

Bazarar farko ta nuna mana haka. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke wuce digiri 40, na dawo daga aiki na tarar da ɗaya daga cikin matan kwance a bakin akurki, baki buɗe, fukafukai a warwatse. Muka jiƙa mata ƙafa da ƙarƙashin fiffike, amma kafin isha'i ta mutu. Hajiya ta yi kwana biyu ba ta da walwala. Kajin Hausa da ke gidan ko a jikinsu. Washegari na sa aka kafa rumfar zana a gindin darbejiya, na cire su daga akurkin kwano, na sayo kaskon ƙasa guda biyu don ruwa ya daɗe da sanyi. Abinci kuma sai da sassafe da bayan la'asar, tsakar rana ruwa kawai, wani lokaci da ƙanƙara a ciki. Bazara ta biyu ba mu yi asara ba, sai dai aiki ne na kullum har ruwan farko ya sauka.

Damina ma da nata. Gashin ƙafar nan da ke burge mutane shi ke kwasar taɓo da kashi, ya dunƙule a yatsu, idan aka bar shi ƙafar ta yi ciwo. Yashi na zuba a inda suke kwana, Hajiya kuma ta ware musu wurin toka da turɓaya saboda ƙwarƙwata. Sandar da suke hawa da dare na saukar da ita ƙasa-ƙasa, don tsuntsu mai wannan nauyi idan ya diro daga sama yana iya gurɗewa.

Wajen ƙwai kada kowa ya ruɗe ka. Tawa sai da ta kai wata bakwai kafin ta fara, kuma uku take yi a mako, wani lokaci huɗu, masu ruwan ƙasa. Ta fi ƙoƙari da hunturu, da zafi kuwa takan tsaya cak. Da ta yi kwanci ta fasa ƙwai uku da nauyinta, daga nan muka koma sa wa wata tsohuwar kazar Hausa, ita ke ƙyanƙyashe su cikin kwana 21 ta kuma yi renonsu. 'Yan tsakin suna jinkirin fitar da gashi da girma, ga ci. Dusa da ragowar tuwo kaɗai ba sa riƙe su, dole sai da abincin kaji na buhu. Mai neman ƙwai ko nama na sayarwa, irin kajin Noiler ko Shika Brown ta Zariya za su fi mayar masa da kuɗinsa nesa ba kusa ba.

Abin da ban zata ba shi ne sanyin halin nan yana cutar da su. Kazar Hausa da ba ta kai rabinsu ba sai ta kore su daga kan abinci, su ja gefe su tsaya suna kallo. Dole na raba musu mazubi. Ba su da gudun tsere wa kare ko muzuru, kuma da yake sun saba da hannu, kowa ya miƙa hannu zai ɗauka, shi ya sa akurkinsu ke da kwaɗo. Rigakafin Lasota kuma, wato na annobar kaji da ake kira Newcastle, ba na wasa da shi, ina sa musu a ruwan sha duk wata uku, musamman gab da hunturu lokacin da annobar kaji ke share unguwa.

Idan gidanka akwai yara ƙanana ko tsoho mai son kiwo, kana da inuwa, kuma akwai mai zama a gida da rana, ina ba ka shawarar ka gwada, amma ka fara da biyu ko uku, ka kuma saye su bayan damina don su yi ƙwari kafin bazara. Ni na sake ƙara biyu bara. Da na ce wa Hajiya wani ya taya zakaran da kuɗi mai kauri, cewa ta yi, "Ka ce masa na jikata ne, ba na sayarwa ba."