Tifa ta kafe a fadama: a ja ta da sarƙa, ko a sauke kaya a haƙa?

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce tifarka mai taya goma ta kafe da lodin yashi a hanyar fitowa daga rafi, tayoyin baya sun nutse har gatari, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, ya kusa taɓa laka, kana tambaya ko ka kira tarakta ya fizgo ta, ko ka sa yara su sauke yashin a haƙa. Allah ya kiyaye gaba. Da farko dai, direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Duk juyawar da taya ta yi a wuri ɗaya rami take ƙara tonawa, ga kuloci yana ƙonewa.

Ja da sarƙa shi ne abin da zuciya ke so, domin yana da sauri kuma kayanka suna nan. Amma a duba nauyi. Tifa irin Howo mai taya goma, ba kaya ma, tana kai wajen tan 12. Jiƙaƙƙen yashi kuwa mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi yana kusan tan 2, don haka da cikakken lodi ka haura tan 30 ba wahala. Masu ceto motoci a sojan Amurka suna da ƙa'idar da suke koyarwa: idan mota ta nutse iya tsakiyar taya, ƙarfin da za a ja ta da shi daidai yake da nauyinta, idan ta wuce tsakiyar taya har zuwa samanta, ninki biyu, idan laka ta kai ɗakin direba, ninki uku. To, tarakta Massey Ferguson 375 da ake samu a ƙauyukanmu bai kai tan 3 ba, kuma abin ja ba ya iya jan abin da ya fi ƙarfin riƙon tayoyinsa a ƙasa. Shi ya sa mai tarakta yake ja da baya, ya saki sarƙa, ya taho a guje ya fizga. Nan ne nake jin tsoro ƙwarai. Sarƙa ba ta miƙewa, duk ƙarfin fizgar a kan zobe ɗaya ko ƙugiya yake sauka, in ta tsinke kuwa ƙarfen yakan tashi kamar harsashi, kuma mutanen da suka taru kallo ne a gabansa. In kuma an ɗaura sarƙar sama da gatarin bayan tarakta, gabansa yakan ɗaga ya kife a kan direbansa cikin ƙiftawar ido.

Ja yana da ma'ana idan mai jan katafila ce irin D6, ko janwe mai injin naɗe waya, wanda ke tsaye a busasshiyar ƙasa yana ja a hankali ba fizga. Idan aka zagaya wayar ta kan kura ɗaya, wato faifan ƙarfe mai juyawa da waya ke bi ta kansa, ƙarfin ja yakan kusa ninkawa. Sai dai kuɗin kiransu ba kaɗan ba ne, kuma ba ko'ina suke iya shiga ba a watan Agusta.

Sauke kaya da haƙa kuwa aikin gumi ne, yana iya cin yini, yashin da ka saya kuma wani ya zube a banza. Amma shi ne yake taɓa ainihin matsalar. Da zarar ka zubar da tan 18 ko 20, ka rage fiye da rabin abin da ake kokawa da shi. Sai a haƙa da shebur a gaba da bayan tayoyi a yi gangare mai sauƙin hawa, a kwashe lakar da ta riƙe gatari da farfela, a kafa jak a kan katako mai kauri da faɗi, a ɗaga gefe ɗaya, a cika ramin da duwatsu, tsakuwa da reshen itace, sannan a koma ɗaya gefen. Kada kowa ya sa hannu ko kai ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, laka tana zamewa ba sanarwa.

Ga wani abu da masu tifa suke mantawa: kar ka ɗaga bodi don juye yashi idan motar ta karkata gefe ɗaya. Nauyi yana hawa sama, tayar da ta fi nutsewa ta ƙara nutsewa, motar ta kwanta. In ta karkata, shebur kawai.

Ni a ganina, a halin da ka bayyana, ka sauke ka haƙa tukuna, sannan tarakta ya zo ya taimaka wa motar da ba kaya, tana kuma tura kanta da injinta. A fitar da ita ta hanyar da ta shigo, da ribas, domin ƙasar da ta riga ta taka an san ta ɗauke ta. A sa makullin gatari, wato abin da ke sa tayoyin baya su juya tare, motar tana tsaye, ba tayoyi suna juyawa ba, a daidaita sitiyari, a cire shi da zarar an hau tudu. A bar inji ya cika iska, don idan iska ta yi ƙasa birkin baya kan kama kansa, sai a yi ta jan mota a ɗaure. Sarƙa a ɗaura ta a wurin ja da ke jikin shasi, ba a bamba ko sifirin ba, a jefa tsohuwar taya ko tamfal mai nauyi a tsakiyarta, a kori mutane nesa fiye da tsawon sarƙar, mutum ɗaya tak ya riƙa ba direbobin biyu alama.

In kuwa ƙasar baƙar laka ce mai danƙo irin firgin yankin Dikwa da Gamboru Ngala, kuma ruwa yana ci gaba da sauka, haƙa ba za ta yi ba, ramin cikowa zai yi ta yi. Nan ka sauke kaya, ka sa mai gadi, ka nemi katafila.