Na sayi ƙaramar bindiga a Houston

Yaya, tun da aka fasa gidan maƙwabcinmu uwargida ta hana ni sakat, sai na nemi bindiga. Na shiga shagon ina jiran kallon banza, ga ni baƙi, ga sunan Musulmi. Wallahi wata tsohuwar Baturiya ce ta tare ni, ta ce in miƙo hannu ta gani. Hannu fa! Wai sai bindiga ta zauna daidai a tafin mai ita. Ta kai ni ɗakin gwaji, ta ba ni abin toshe kunne, na harba Glock 19 mai cin harsashi 15, sannan wata 'yar mitsitsiya ta aljihu. Mitsitsiyar ta fi dukan hannu saboda rashin nauyi, saiti ya ƙi tsayawa. Glock ɗin na ɗauka.

Harsashi iri biyu ta sa na saya, duka 9mm: mai rufaffen kai na atisaye, da mai rami a baki na ajiyar gida, wanda ke buɗewa in ya shiga jiki, bai cika ratsawa ya sami na baya ba. Tsadarsa kuwa sai addu'a. Ta kuma ja mini kunne cewa bangon gidajen nan katako ne da allo, ko shi ba ya tsayarwa, in san ɗakin da yara ke kwana.

Fom 4473 na masu sayen bindiga na cike, suka ga katin zamana a ƙasar, hukumar bincike ta FBI ta duba tarihina, shi ke nan. Sauƙin nan shi ke tsorata ni. Tun 2021 mai shekara 21 na iya yawo da ita a Texas ba lasisi, kuma jihar nan ce aka kashe yara 19 a makarantar Uvalde a 2022.

Mu kuwa, a 2021 Masari, gwamnan Katsina na lokacin, ya ce a nemi makami a kare kai, alhali dokar bindigogi ta 1959 ta ce irin wannan da na saya sai da izinin shugaban ƙasa. Manomin Batsari na riƙe da bindigar toka, ɓarawon daji da AK-47. Amma mu ma da namu: kuɗin da za a koyi saiti sai a kai wa mai maganin bindiga, a tura ta ƙarƙashin katifa yara na wasa a kai. Tawa tana kulle a akwatin ƙarfe.

Na yi kewar ƙarar 'yan bindiga ranar hawan Sallah; a nan in ka ji harbi, kwanciya ake yi. Ka gaida Inna, kada ka faɗa mata na saya.