Na yi gini da bulon jan ƙasa na inji: ga yadda aikin ya kasance

Masu tambayata game da ginin da na yi a bayan Samaru sun yi yawa, wasu har tsayar da babur suke yi su shafa bangon, su ce wane irin fenti ne wannan. Ba fenti ba ne. Bulon jan ƙasa ne da inji ke matsewa, kuma wani ƙaramin kamfani a nan Zariya ne ya buga shi ya kuma gina mini. Ba zan kama sunansu ba, domin maganata akwai yabo akwai ƙorafi.

Mai kamfanin matashi ne da ya karanta gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a kan ƙasar gini ya yi binciken digirinsa na biyu. Tun zuwansa na farko na ga bambanci. Bai fara da maganar kuɗi ba, sai ya sa aka haƙa rami a filin, aka wuce baƙar ƙasar sama, ya ɗebo ta ƙasa ya zuba kusan rabin kwalba, ya ƙara ruwa da ɗan gishiri ya girgiza. Nan take tsakuwa da yashi suka kwanta, laka mai laushi ta biyo baya, yumɓu kuwa ya daɗe yana yawo a ruwan. Washegari ya auna kaurin kowanne, ya ce: “Baba, ƙasarka ba za ta yi ba. Kun yi kusa da fadama, yumɓu ya yi yawa, bulon zai tsattsage.” Raina bai so ba, don na sa rai ba zan biya kuɗin tifa ba. Amma mutumin da ya ƙi karɓar aiki mai sauƙi don gudun ɓarna, ka san da gaske yake. Birji aka kawo daga wani rami, aka buga samfuri, ya kai ɗakin gwaji aka danne su da na'ura har suka fashe, sannan ya nuna mini takardar sakamakon.

Simintin da ake sawa kaɗan ne, a nawa kashi 6 cikin 100. Abin da ya burge ni shi ne yadda ya mayar wa leburori da wannan lissafi zuwa baro da buhu, ya rubuta da gawayi a jikin allo. Ruwan kwaɓi ma da hannu ake gwada shi: a dunƙule ƙasar, a sake ta daga daidai kafaɗa. In ta watse gari, ruwa ya yi kaɗan. In ta faɗi a dunƙule, ya yi yawa. In ta rabu gida huɗu ko biyar, to a zuba a inji. Wannan ilimi ba jiya aka fara tara shi ba. Injin matse ƙasa na hannu a Kolombiya aka ƙera shi a shekarun 1950, cibiyar CRATerre ta makarantar zanen gine-gine da ke Grenoble a Faransa tana kan binciken ginin ƙasa tun 1979, kuma a nan Najeriya hukumar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI da aka kafa a 1978 ta ƙera nata injinan. Injiniya, wato mai kamfanin, ya nuna mini hotunan masallacin Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, wanda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zana aka gama a 2018 da irin wannan bulo, aka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Hotunan nan su suka shawo kan uwargida, wadda da farko ta ce ba za ta bar gidan haya na siminti ta koma gidan ƙasa ba.

Ga inda aka samu matsala. Bulon nan yana son a lulluɓe shi da leda ana yayyafa masa ruwa, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya yi ƙarfin da ake so. Bugu na biyu ya faɗo cikin hunturu, Injiniya kuma ya tafi duba wani aikin a Kaduna. Yaransa suka bar ledar iska ta yaye ta, ba wanda ya kula da ruwa. Da na sa farce a gefen bulon sai ya rinƙa zuba. Da ya dawo bai yi gardama ba, ya sa aka ware su aka sake bugawa da kuɗinsa, amma lokacin da ya tafi ya tafi. Daga baya inji ya lalace aka zauna jiran kayan gyara daga Legas. Abin da na lura shi ne, ilimin duk a kansa yake shi kaɗai. In yana wurin aiki ya yi kyau, in ya juya baya sai yaran su koma yadda suka saba da bulon siminti. Haka mai wayarin ya zo da guduma da kurfi zai fasa bango ya binne bututu, alhali wannan bango ba filasta za a yi masa ba, tabon zai zauna har abada. Ya kamata kamfanin ya zauna da mai wayarin da mai famfo tun kafin a ɗora layin farko.

Maganar kuɗi, kada kowa ya ruɗe ku cewa rabin farashi ne. Bulon ƙarami ne, ana cin da yawa, ga kuɗin tifa, ga maginan da suka iya jera shi sun fi tsada. Sauƙin yana wajen filasta da fenti na waje, da ba a yi su kwata-kwata. Zafi kuwa, a watan Afrilu da rana ɗakunan suna da sanyi ƙwarai in aka kwatanta da gidan da muka baro. Da daddare bangon yakan saki zafin da ya sha, don haka ƙananan tagogin da Injiniya ya dage a buɗe can sama kusa da silin sun yi rana. Ya kuma dage a kan harsashin dutse mai tsayi da bakin kwano mai faɗi, kuma damina ta wuce ba inda feshin ruwa ya ci bango.

Zaure ne ya fi tsaya mini a rai. Na ce ina son shi da soro da ɗaurin guga, wato bakan da ke riƙe rufin, irin na cikin birni. Injiniya ya ce zai iya zanawa, amma a yaransa babu mai iya ɗaurawa. Wannan a Zariya, garin da Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, masallacin da masana suka auna shi taku-taku har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos! Awo da zane suna nan a ajiye, hannun da zai yi aikin ne ya yi ƙaranci. Sai da na shiga cikin birni na samo wani dattijon magini. Ya zo ya dubi bulon inji ya ce wannan ba na ɗaurin guga ba ne, a kawo masa tubali da azarar giginya. Na tsaya na ga yadda yake dasa azara a bango, yana ɗora wata kan wata kowacce ta ɗan zarce ta ƙasanta, yana ɗaurewa da igiya yana shafe laka, sai ya bari ta sha iska kafin ya ƙara, har bakan ya haɗu a tsakiya. Injiniya ya tsuguna da abin awo da waya yana ɗaukar hoto, yana ta “Baba, me ya sa nan?” Dattijon kuma yana cewa, “Ɗana, sa hannu ka ji.” Shi ma ya yarda aka yi masa harsashin dutse da leda mai tare danshi, ya ce da suna da wannan da, da soraye da yawa ba su zube daga gindi ba. Yaɓen waje da makuba ya yi shi, ruwan ɓawon ɗorawa, wanda Injiniya ya ce ɗaliban jami'o'i sun sha gwadawa a bincikensu. Sai dai kamfanin bai da tsarin dawowa ya sabunta yaɓe, wannan tsakanina da dattijon ne.

Wanda zai ba su aiki, ina ba shi shawara ya yi, musamman in da birji kusa da filinsa. Amma a rubuta a takardar yarjejeniya cewa Injiniya da kansa zai tsaya duk ranar kwaɓi, kuma za a sa mutum guda kan leda da ruwa. Kafin a biya kuɗin kowane bugu, a zaɓi bulo daga tsakiyar tari, ba wanda suka miƙo ba, a jefa shi a bokitin ruwa ya kwana. In da safe ruwan ya yi ja kuma gefen ya narke, kada a karɓa.