'Yar na'urar OBD2 da silon motata, yadda muka kwashe

Wata uku kenan da na sayi 'yar na'urar nan ta OBD2 mai Bluetooth, wadda ake sokawa a mota ta karanto matsalar injin daga kwamfutar motar ta nuna a waya, irin waɗanda ake rubuta ELM327 a jikinsu, shi ne na ce bari in faɗi abin da na gani. Motata ƙarama ce mai fetur, injin 1.3, matsalarta kuma silo. In ana tafiya lafiya lau kamar ba ita ba, amma da na tsaya a danja sai allurar da ke nuna saurin juyin injin ta fara rawa, ta hau 1100 ta faɗo 600, sitiyari na karkarwa a hannuna, in ko na kunna esi wani lokacin sai ta mutu murus na baya suna ta danna min hon.

Kafin nan an canza min fulogi huɗu, an wanke nozul, an wanke totur, kowanne sai ta yi kwana biyu tana lafiya sannan ta koma gidan jiya. Ban ga laifin bakaniken sosai ba gaskiya, shi da kunne yake lalube, ni kuma aljihuna ne ke jin jiki.

Haɗa ta ba wuya. Akwai soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, motocin da aka yi wa kasuwar Amurka suna da shi tun 1996, masu fetur na Turai kuma tun 2001, ka soka, ka murɗa makulli, ka haɗa da manhaja a waya shi kenan. Kod ɗin, ma'ana lambar matsalar da motar ta ajiye, da ya fito min P0171 ne, wato iska ta fi mai yawa a cikin injin. Saura kaɗan in sayo sensar oksijin don ita ce ta kai rahoton, Allah ya taimake ni ban yi ba, ashe gaskiya take faɗa baiwar Allah.

Inda na'urar ta biya ni shi ne shafin da ke nuna lambobi kai tsaye injin na aiki. Zafin ruwa ya tsaya wajen digiri 90, to ba sensar zafi ba ce ke ruɗa kwamfutar motar. Sai na duba wani layi mai suna LTFT, shi ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa don awon ya daidaita, don ita so take iska kashi 14.7 ta haɗu da mai kashi 1 a nauyi. A mota mai lafiya bai cika wuce 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba, nawa kuwa a silo +19 yake nunawa, da na riƙe totur a 2500 sai ya sauko +4. To nan fa na gane. A silo bakin totur kusan a rufe yake, iskar da ke shiga kaɗan ce, saboda haka duk wata 'yar ɓarauniyar iska da ta saɗaɗo ta wata kafa ba tare da sensar iska ta auna ta ba sai ta zama babban kaso, in ka ba da wuta kuma sai ta ɓace cikin yawa. Da famfon mai ne ya gaji, da akasin haka za a gani, lambar ƙaruwa za ta yi in injin ya nemi mai da yawa.

Na ɗaga bonet na kasa kunne, sai ga wani siririn sauti sssss. Tiyon roba ne da ya taso daga murfin saman injin zuwa manifol, wato bututun da ke raba wa injin iska, daga sama fes yake, da na lanƙwasa shi sai ƙasansa ya buɗe baki kamar kifi, robar duk ta bushe ta tsage. Ina ɗora yatsa a wurin karkarwar ta lafa. Na canza shi, bayan kwana biyu ana yawo LTFT ya dawo +3, allura ta zauna a 750 daram ko da esi.

Amma fa tana da nata halin. Tawa ta kwaikwayo ce, in ka jera lambobi da yawa a allo sai ta dinga jan ƙafa, wani lokacin ta yanke sai ka zare ka mayar. Ba ta karanta ABS na birki ko jakar iska, injin kawai. Masu iPhone ku duba da kyau kafin ku saya, irin tsohon Bluetooth ɗin nan ba ya haɗuwa da ita. Kuma kar ka bar ta a soke, soket ɗin da wuta ko mota a kashe take, ni na manta da ita kusan sati biyu na dawo na tarar batir na nishi. Wautar da na yi da kaina kuma ita ce goge kod ranar farko ban rubuta komai ba, duk bayanin da motar ta ajiye na lokacin da abin ya faru ya tafi, sai da na jira fitilar cek injin ta sake kamawa.

Yanzu abin da ya rage wata 'yar girgiza ce in na sa ribas, allura ba ta motsi, lambobi duk daidai, ina zargin robar da injin ke zaune a kai ce ta saki. Wannan kam waya ba za ta gano min ba, sai an leƙa ƙasa da tocila.