Boeing 777-300ER: ƙaton jirgi, kujera kuwa sai haƙuri

Duk mai zuwa birnin Guangzhou na China sarin kaya ta ƙasashen Larabawa ya san jirgin nan ko da bai san sunansa ba, dogon nan mai inji biyu, tsawonsa kusan mita 74. Tun 2004 yake ɗaukar fasinja, kuma yana iya cin sama da kilomita 13,000 bai sauka shan mai ba. Injinsa GE90 ne, faɗin fankar kaɗai ya haura mita uku. Da aka tayar da shi wani gurnani ya bi ƙasan jirgin har cikin haƙora, wata Hajiya a bayana ta kama salati. Amma da ya ɗaga, wallahi lafiya lau. Iska ta buge mu a hanya, ya ɗan girgiza ya wuce abinsa. Nan kam na yaba.

Kujera ce ta ɓata min rai. Asali tara ake jerawa a layi, uku-uku-uku. Kamfanin da na hau, kamar yawancinsu yanzu, ya cusa ta goma, layi ya koma uku-huɗu-uku, ni kuma aka jefa ni tsakiyar masu huɗun nan. A damana wani bawan Allah ne mai jiki, na hagu kuma tun kafin a kawo abinci ya yi matashi da kafaɗata. Hannun kujera ko ɗaya ban samu ba. Shinkafa na ci gwiwar hannu manne da haƙarƙari, rabi a baki rabi a riga. Ƙarƙashin kujerar gabana kuma ga wani akwatin ƙarfe na talabijin ya cinye wurin miƙe ƙafa. Na roƙi ma'aikaciyar ta canza min wuri, ta yi murmushi ta ce jirgi ya cika maƙil. Fita bayi sai ka tashi mutum daga barci kana ba shi haƙuri. Da muka sauka ƙafata ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

Na san jera kujeru aikin kamfanin sufurin ne, ba na maƙeran jirgin ba, shi ya sa na so in ce jirgin ba shi da laifi. To amma ni jikina ne ya ji, ga ƙarar inji a bayan fiffike ta hana ni runtsawa. Da irin kuɗin tikitin yanzu! Da zan dawo na nemi kujerar bakin hanya, wai ita ma sai na ƙara kuɗi.